Kek Ɗin Tuffa na Virgil

Ƙauyen Tarbell Mills, kafin shayinka ya huce ka gama zaga shi: coci ɗaya, tsohon injin niƙa, sai gada mai rufi. A nan aka haifi Virgil Tillotson, a nan ya yi aikin kafinta har gwiwa ta ce ya isa. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. Ƙofarsa kuwa, kamar ta kowa a garin, ba ta san makulli ba.

Da ƙungiyar tarihi ta bi tsofaffin gidaje tana manna musu allon tagulla, nasa ma ya samu. In kaka ta zo ganye ya yi ja, masu yawon buɗe ido suka fara tsayawa da motocinsu, duk ƙofar da suka ga allo sai su ɗauka gidan kallo ne. Tufafin Virgil ma ba su cika ƙaryata su ba.

Akwai maganar da yake ɗauke da ita tun da ciyawa ta rufe kabarin mijin maƙwabciyarsa, Orlene Haskell. A garin nan, in namiji ya miƙa wa mace kek ɗin tuffa da ya gasa da hannunsa, aurenta yake nema, ba sai ya ƙara bayani ba. Ya tsinko tuffar ƙarshe a bishiyarsa, ya gasa, ya gayyace ta shan shayi. Ya bar kek ɗin a kan tebur ya huce, ya hau bene yin aski.

Da ya sauko sai ya tarar da wasu 'yan birni, miji da mata, a kicin ɗinsa. Mijin yana yaba yadda aka bar kayan da ƙurarsu, kamar da gaske. Matar ta ce ba ta taɓa ganin gidan tarihi mai karamci irin wannan ba. A faranti saura burbushi. Tuffa kuma sai baɗi.

Sai ga Orlene da hularta ta zuwa coci, alhali ranar Talata ce.

Matar nan 'yar birni ta ɗaga wayarta. "Ga uwargidan ma. Baba, matsa kusa da ita mana in ɗauke ku hoto. Kun daɗe kuna fitowa a miji da mata?"

"Ni dai ba a ba ni aikin ba tukuna," in ji Orlene, idonta a kan faranti. "Virgil, tuffa ce?"

"Tuffa ce."

"Kai ka gasa?"

"Ni ne."

Ta dangwali burbushin da yatsa, ta kai baki. Ta ce gishiri ya yi yawa, amma ba komai, daga yau ita za ta riƙa auna shi.

Baƙin suka tafa, suka tambaya yaushe za a sake yin wasan. Virgil ya ce sau ɗaya ake yinsa.

Allon yana nan a ƙofar har yanzu. Makullin da ke ƙarƙashinsa, cikin kayan auren Orlene ya zo.