Ranar da Suka Zo Biko

Shekarun baya, 'yata ta biyu ta dawo gidanmu a unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki, da jaririya a kafaɗa, idonta a kumbure. Ba ranar mijinta ya fara sa mata hannu ba, amma ranar ce na daina cewa ta yi haƙuri. Muka kai ƙara. Hukuma ta sa shi ya yi ta'ahhudi, wato alkawari a rubuce cewa ba zai kusance ta ba, ba zai taka ƙofarmu ba.

Ba a jima ba, wata la'asar aka ƙwanƙwasa. Na leƙa, sai ga shi da baffansa, dattijo mai shagon yadi a Bab Makka, riƙe da kwalin dabino. Wai biko suka zo.

Ku ji sakarcina: kafin in ankara har na ɗora shayi. Hannu ya saba, baƙo na ƙofa. Sai da na ga 'yata ta shige banɗaki da jaririyar, tana cewa, "Ummi, don Allah kar ki buɗe," sannan na kashe wutar.

Dattijon ya ce ta bayan ƙofa, "Hajiya, takardar hukuma daban, biko daban. Mu fa ba faɗa ya kawo mu ba."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Kai bismilla, amma shi ba zai tsaya nan ba."

Mijin ya ɗaga murya. "Matata ce, halas! A turo min ita."

Ƙanwata, da ke zaune da mu, ta kira 'yan sanda. Kafin su iso ta ja ni gefe. "Yaya, ke maganarki kamar mai lallashin kyanwa. Ki ce da sanda ya zo, ya daki ƙofa. In kika ce dabino ya kawo, dariya za su yi mana."

Wallahi na ji tsoron hakan. In suka sake shi, gobe ba da baffa zai dawo ba. Amma na ƙudura abin da idona ya gani kaɗai zan faɗa.

Askar, wato ɗan sandan, ya tambaye ni, "Ya daki wani?"

"A'a."

"Ya fasa wani abu?"

"A'a. Ya zo, an ce ya tafi, ya ƙi. Ga shi nan inda kuka same shi."

Ya ce wannan ma ya isa. Suka tafi da shi, aka hukunta shi kan karya ta'ahhudi, bai kuma sake zuwa ba. Daga baya ma'aikaciyar da ke bin maganarmu ta ce da mun ƙara sandar nan aka gano, sunansa balagi kaidi, ƙarar ƙarya, mu za a hukunta, har dukan gaskiyar ma a fara shakkarsa. Ƙanwata ta riƙe baki. "Kaidi? Ashe har a Larabci sunana ke nan!"

Na daɗe ina zaton mai sanyin murya sai ya ƙara gishiri kafin a saurare shi. Ashe ba haka ba ne. Ina jin nauyin dattijon nan har gobe, don da zuciya ɗaya ya zo, amma ba shi aka daka ba. Har yau akwai matan da ba sa amsa gaisuwata a gidan biki, wai na ba da suruki ga hukuma alhali da manya ya zo. Ina gaishe su, in wuce in zauna kusa da 'yata.