Malam Sukurutu da Fuskar 'Yarsa ta Fari

Duk wanda ya taɓa raka marigayi Malam Iro daga ƙofar gidansa zuwa masallacin Juma'a a nan Daura ya san tafiya da shi sai mai haƙuri. Kuna tafe kuna hira, sai ka ji shiru. Ka waiga, ka hango shi can baya, ya goya hannuwa, ya ranƙwafa, hancinsa ya kusa taɓa katangar mutane. Me yake kallo? Fara. Fara guda ɗaya, irin wadda kaji ke bi. In ka yi magana ya ɗaga maka yatsa, wato ka saurara, ana aiki. Sau nawa muka tarar an tayar da salla saboda ƙwaro, Allah kaɗai ya sani.

Ni ne Sale direba, mai jigila tsakanin Daura da Kongolam. Malam taubashina ne, babana da innarsa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da lasisin faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ban bar lasisin nan ya yi tsatsa ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don har ya koyar da ni Turanci a aji shida a Sandamu. A ajin nan ne ya samo sunan da ya bi shi har kabari.

Wata safiya ya shigo ya rubuta wata doguwar kalma a allo, scrutinise, ya ja mata layi biyu. Mu dai bakinmu ya kasa ɗaukarta, sukurutinayis muke cewa. Ya ce, "Bature yana da kalmomin kallo barkatai. Akwai ta kallon wucewa, akwai ta leƙe, akwai ta harara. Wannan kuwa ta kallon ƙurilla ce, ka zuba wa abu ido har ya gaji ya faɗa maka gaskiyarsa." Sai ya shiga jero mana jimloli: mai sayen rago a kasuwar Mai'aduwa ya sukurutinayis haƙoran rago, tsohuwa ta sukurutinayis gero tana neman tsakuwa, tela ya sukurutinayis ɗinkin yaronsa. Ya ce kalma ce mai nauyi, ba ta zama jimla ɗaya da gaggawa, kuma ya kafa doka: kada wanda ya rubuta cewa ya yi ta ga wani abu sai in da gaske ya yi.

Ni da rawar kai na rubuta da Turancina cewa jiya na sukurutinayis tuwona. Ya ɗauki littafin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sale, akushi ɗaya muke ci da kai. Tuwo bai taɓa daɗewa a gabanka har ku ga juna ba. Goge."

Tun daga ranar ya zama Malam Sukurutu.

To, wannan duk kun sani. Ga abin da ba ku sani ba, don ya ce in riƙe, na kuwa riƙe har ya daina zama sirri. 'Yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ya riga ya yi ritaya, na kai shi Kano wurin likitan ido, don ya fara karo da gefen ƙofa. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya rage masa gudu, kuma daga gefe-gefe zai riƙa rufewa har ya haɗe a tsakiya. A hanyar dawowa muka wuce Kazaure kaɗan. Ya ce in tsaya. Ya fita ya tsaya gaban wani gawo, rana tana ratsa rassansa tana zuba masa a riga, ya kai rabin awa. Da ya dawo ya ce, "Sale, manomi in ya ga rani tafe rumbu yake cikawa. Zan kalli kome in ajiye. Abu ɗaya ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, don na sani. Uwani ce, 'yarsa ta fari.

Kun san al'adarmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a haɗa ido da shi. Wasu suna yi sama-sama. Malam kuwa ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati, ga shi kuma sunan innarsa aka sa mata, kunya ta zama biyu. Tun yaye kakarta ta tafi da ita Dutsi, daga can aka yi mata aure a wani ƙauye bayan Kongolam, cikin Nijar. In zai ambace ta sai ya ce "mutuniyar can". Shekara arba'in, mutumin da ya san zanen fiffiken kowane malam-buɗe-littafi a Daura bai taɓa kallon 'yarsa gaba da gaba ba. Ta wutsiyar ido kawai yake satar ganinta in ta gitta. Ita wutsiyar idon ce kuma ciwon ya fara cinyewa. Wato in yana son ya sake ganinta, sai dai ya juyo ya kalle ta sosai, abin da bai taɓa yi ba.

Daga nan kallon nasa ya ƙaru, ku kuka ɗauka tsufa ne. Kun tuna shari'ar akuya? Maƙwabtansa biyu, Ɗanjuma mahauci da Audu mai faci, suka kai juna gaban alƙali a kan wata jar akuya, kowa ya ce tasa ce, kowa kuma ya ce Malam ne shaidarsa, tunda a ƙofar gidansa take yini. Ni na kai shi. Alƙali ya ce, "Malam Iro, ka san akuyar nan?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na gan ta, amma ban dube ta ba. Ba na shaida a kan gani."

Aka fito da akuya tsakar fili. Malam ya tattare riga ya durƙusa. Ya fara daga ƙaho, ya gangaro kunne, ya buɗe baki, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Akuya tun tana kuka har ta haƙura ta fara tuƙa. Alƙali ya duba agogo ya sake dubawa. Can Malam ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

Alƙali ya ce, "To, ta wace ce?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ta mai ɗakina ce. Tun kaka take nemanta. Ga tsagar da ta yi mata a ƙasan kunnen hagu."

Aka aika aka kira Goggo Habi ta zo ta tabbatar, ta ja abarta. Ɗanjuma da Audu suka yi wata guda ba sa gaishe shi, amma fa sun shirya da juna.

A mota na ce, "Akuya ta samu awa guda, mutuniyar can ko minti ɗaya ba ta samu ba." Ya ce in kula da tuƙina.

Sau biyu na kai shi ƙauyen. Tafiyar farko ya zauna a zaure da surukinsa Malam Hamza. Uwani ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, ta ce, "Baba, sannu da hanya." Ya amsa wa bango. Wallahi bango ya amsa wa. Ya ce, "Lafiya lau. Ya yaran?" yana bin wata tsaga a jikin ginin da ido, kamar ita ce ta gaishe shi. Muka ci dambu muka dawo. Tafiya ta biyu ya ce yau kam ya shirya. Da ta shigo sai ya ɗauki faifan da aka rufe fura da shi, ya shiga yabon saƙarsa, launi bayan launi, har ta gaji da durƙuso ta koma ciki. Tun daga Kongolam har Daura ban yi masa magana ba.

A lokacin ganinsa ya zama kamar na mai leƙe ta bakin tulu. In za ka ba shi hannu sai ka kawo shi daidai hancinsa. Amma bai taɓa kuka da abin ba. Da la'asar yakan zauna a dakali ya riƙa ba ni labarin abin da ya ajiye a ranar, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da labarin mafarki: yadda ɗigon ruwa ke rawa a bakin indararo kafin ya saki, yadda cikin furen kuka yake, yadda hayaƙin murhun Goggo Habi ke yin shuɗi in ya ratsa rana. Ina jin daɗin sauraro, amma raina yana ɓaci, don na san lissafin bai cika ba, kuma tulun kullum ƙara tsukewa yake.

Tafiya ta uku da damina ce, gero ya kai ƙugu. A kan iyaka aka sauke mana igiya muka wuce, sai na ji ya ce, "Yau ba su sa igiyar ba?" Ashe ko igiyar bai gani ba. Na gangara gefen hanya na kashe mota. Na ce, "Malam, yau ba wasan taubasai nake yi ba. Na gaji da ƙona mai ina kai ka kallon faifai. In muka dawo yau ba ka kalle ta ba, ka nemi wani direban, kuma ka sani ba za ka sake ganinta ba har ka mutu."

Sannan ya ce, "Me likitan nan ya ce game da dangi?"

Na ce, "Ya ce ciwon yana bin jini, a riƙa duba 'ya'ya."

Ya ce, "Tayar da mota."

Da hantsi muka isa. Bai ko zauna ba ya ce wa surukinsa, "Hamza, idona ya kusa tafiya. Likita ya ce abin gado ne, sai an duba 'ya'ya. A ce wa mutuniyar nan ta fito haske."

Malam Hamza ya rikice. Ya ce, "Subhanallahi. Baba, ai sai a kai ta asibiti."

Ya ce, "Za a kai. Ni zan fara."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Uwani ta fito ta durƙusa a gabansa, kai a ƙasa. Ya ce, "Ɗago." Ba ta ɗago ba. Ya sake cewa, "Ɗago mana, aikin likita ne." Ta ɗago. Ya sa hannu biyu ya tallafi fuskarta. Tunda ganin nasa ba ya ɗaukar fuska guda a lokaci ɗaya, sai ya bi ta kaɗan-kaɗan: goshi, gira, karan hanci, kunci, haɓa. Ni ban san inda ake duba ciwon ido a haɓa ba. Matar da ke daka a maƙwabta ta tsaya. Gajimare ya zo ya rufe rana, ya wuce, haske ya dawo kan fuskokinsu, su biyu ba wanda ya motsa. Na ga inuwar zana ta janye daga ƙafata. Sai hawaye ya fara zubo mata.

Ya ce, "A'a, bari. Ruwa yana hana aiki."

Ta yi dariya cikin kukan, ta share da gefen mayafi. Ya ci gaba. Can ya sauke hannu ya gyara murya ya ce, "Lafiya lau. Ba ki da kome." Ya fara lalubar sandarsa.

Sai ta ce, a hankali, "Baba, ba ka duba idon hagu ba."

Ya ajiye sandar. Na hagun ya fi na daman daɗewa.

Ni dai na fita waje na buɗe gaban mota ina duba abin da bai lalace ba, don kada Hamza ya ga fuskata. A hanyar gida, da muka kusa Daura, ya juyo gare ni. Ya ce, "Sale, yarinyar nan har da furfura. Guda uku, nan gefen goshi. Ba wanda ya faɗa mini."

Sati na zagayowa na kai ta wurin likita na gaske, ya auna ya ce idonta garau. Da na kawo wa Malam labari ya ce, "To, ai na faɗa. Ɓarnar mai kawai."

Kafin a gama girbin shekarar ido ya rufe. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, ban taɓa jin ya ce kaico ba. Na yi kewarsa, jama'a, har yanzu in na zo wucewa ta ƙofar gidan sai ƙafata ta sauka daga kan totur.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe masa, ya yafe mini tsiwar da na yi masa. Allah ya haskaka kabarinsa fiye da hantsin ranar nan, ya tashe shi da idonsa biyu garau, ya zaunar da shi da Uwani a gidan da uba zai kalli 'yarsa iya son ransa ba sai ya nemi dalili ba. Amin.