Sumani da Asuwakinsa

Shekara talatin da ɗaya Sumani ya yi yana gyaran fiyano a wani ƙaramin shago a unguwar Deptford, can ƙasar Turawa, amma ko waƙa ɗaya bai iya kaɗawa ba. Kafinta ne, daga zangon Kumasi ya zo. Kingsley, mai shagon, ya ɗauke shi gyaran katakon tsofaffin fiyano. Da ya lura mutumin yana da kunne, sai ya koya masa saita tsirkiya. Shagona na kayan miya yana jikin nasu, na sha tin-tin-tin har na ƙoshi.

Bara kunnen ya fara mutuwa. Sai na yi masa sallama sau uku kafin ya waiwayo. Likita ya ce ƙashin cikin kunnen ne ya ƙage, za a yi aiki, amma layin da tsawo. Wani coci a Peckham ya bugo waya, wai bayan zuwan Sumani fiyanonsu ya ƙara lalacewa. Gidaje biyu suka yi cancel, suka ce kada ya zo.

Kingsley ya ce, "Sumani, ka koma kan katako. Zan nemo mai saiti."

Sumani ya roƙi a bar masa fiyano ɗaya tak, wani tsoho da ke kusurwa. Kwana biyu yana kai, bai ci nasara ba. A rana ta uku matarsa Anatu ta kawo masa abinci, na raka ta ciki. Muka tarar da shi ya kifa kai cikin fiyanon, asuwaki a baki.

Ta ɗaga murya. "Maigida, kurma ba ya jin yunwa ne?"

Tsinin asuwakin ya tokare da katakon, ga shi ya danna maɓalli. Sai ya ji sautin. Ya cije itacen da kyau, ya sake dannawa. Ashe sautin yana bin itacen, ya bi haƙoransa, ya shiga kansa.

Kafin la'asar ya gama. Kingsley ya zauna ya kaɗa daga wannan gefe zuwa wancan, sau biyu, sannan ya buga wa cocin waya ya ce Sumani zai dawo ran Litinin.

Anatu ta ce, "Dattijo da furfura yana cizon fiyano a gidan mutane. Allah ya kyauta." Tana faɗa tana goge ido da mayafi.

Har yau asibiti ba su kira shi ba. Yana fita aiki, haƙoransa kuwa da sauran ƙarfi.