Lalle a Ƙafar Roba

Shekarun baya, ina makarantar sakandare a Tudun Wada, yayata ta yi hatsarin mota kusa da Kwanar Dangora, aka yanke mata ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da ciwon ya warke, asibiti a Kano suka haɗa mata ƙafar roba, har da yatsu da farce, sai dai launinta fari fat kamar na Bature.

Ranar da aka dawo da ita gida ta tura ƙafar ƙarƙashin gado. "Wannan ƙafar wata ce," in ji ta. Matar da kullum ita ce kan gaba a biki da suna, sai ga shi ko tsakar gida ba ta fitowa. Abin ya dame mu ƙwarai.

Surutu kuwa ba a magana. Wata tsohuwa ta ce abin da aka yi wa yatsu da farce ai gunki ne, mala'iku ba za su shiga ɗakin ba. Mahaifinmu ya tambayi limamin unguwa, ya ce ba gunki ba ce, matsayinta ɗaya da sandar dogarawa, ko a alwala ba sai an wanke ta ba. Muka yi murna, ita kuwa yayata ta ce, "Kun ji ko? Sanda ce."

Ni ma na gwada tawa. Na zauna ina yi mata bayanin kimiyya da Turancina na ɗan aji uku, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Ana gobe bikin 'yar kawunmu, mata suka taru a gidanmu ƙunshi. Mahaifiyata ta kwaɓa lalle, ta shiga ɗakin yayata, ta ƙunsa mata ƙafar dama. Sannan ta jawo ta robar, ta kakkaɓe ta.

"Inna, me za ki yi da ita?"

"Ina kika taɓa ganin ƙunshin ƙafa ɗaya? Saka ta. Lalle ba ya kamawa sai da ɗumin jiki."

Daga bakin ƙofa na ce, "Inna, ai roba ba ta..." Hararar da na sha ta sa na haɗiye sauran.

Yayata ta miƙo hannu ta karɓa. Aka ɗaura, aka shafa lalle, aka naɗe da tsumma. Ta wuni da ita a jikinta, mata na shiga suna fita suna tsokanarta. Da la'asar aka ce a je a wanke, ta dafa kafaɗar mahaifiyata ta miƙe, ta taka har bakin rijiya. Sai da na juya baya na share hawaye.

Ƙafar dama ta yi ja wur. Ta robar kuwa, ruwa na taɓa ta lallen ya zube, ko alama babu. Yayata ta dube ta ta yi dariya, ta ce, "Baƙuwa ce, ba ta saba ba."

Har yau in na ji masana suna gardamar inda jikin mutum ya ƙare, inda ƙirar hannu ta fara, ba na tsoma baki, don ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne yayata ta yi jikoki, ta sauya ƙafa ba sau ɗaya ba, kuma duk Sallah ƙafa biyu take ƙunsawa. Lallen bai taɓa kamawa ba, ita ma ba ta taɓa fasawa ba.