Lagireton Malam Sada Direba

Malam Sada Kabo ya fara riƙe sitiyari a shekarar 1961, yana ɗan shekara ashirin da biyu, lokacin da En'e ta Daura ta ɗauke shi tuƙi a sashen kula da dabbobi. Mutumin Baure ne, ɗan manomi, bai yi boko ba sai yaƙi da jahilci. Aikinsa shi ne ya kai malaman allurar shanu duk inda ruga take, ko akwai hanya ko babu. A zamanin nan direba yakan wanke motarsa da kansa, ya duba ruwa da mai kafin ya karya kumallo, ya kuma san kukan injinsa kamar yadda ya san tarin 'ya'yansa. Haka aka koya wa Sada, haka kuma ya tsufa.

A 1978 aka ba shi sabuwar Landirofa, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Shekara goma sha takwas yana tuƙa ta a aikin gwamnati. Da ya yi ritaya a 1996 sai aka sa ta a gwanjo, ya sayar da shanunsa biyu ya saye ta. Daga nan ya koma ɗaukar mutane da buhunan gero zuwa ƙauyukan da yashi ke hana ƙananan motoci shiga, ran Lahadi kuma ya nufi kasuwar Mai'aduwa.

Duk tsawon shekarun nan, mutum ɗaya ne ya taɓa sa hannu a lagireton motar, wato Munzali Auta, mai rumfa a gindin darbejiya bayan tasha. Munzali bai san komai a mota ba sai lagireto, amma wannan ɗin ya san shi ciki da bai. Sa'o'in juna ne shi da Sada. Shi ya yi wa Sada rakiya neman auren Barakatu, Sada kuma ya raɗa wa ɗan Munzali na fari suna. In wani direba ya yi ƙorafin motarsa na zafi, Sada ba ya cewa komai sai, "Kai wa Munzali. Abin da ya faɗa maka, shi ke nan." Rabin masu zuwa rumfar nan ta bakin Sada suka zo.

A bazarar 2002, yana dawowa daga wani ƙauye bayan Zango, lagireton ya fara yoyo. Mil goma sha ɗaya tsakaninsa da kwalta, ga mata da kaya a baya. Sai ya yi dabarar tsofaffin direbobi: ya sayi garin taba a wurin wani tsoho, ya zuba cikin cokali biyu a bakin lagireton, ya cika da ruwan rijiya. Garin ya bi ruwa ya toshe hujin, motar ta kawo su Daura. Illar dabarar ita ce garin ba ya tsayawa a huji kaɗai, yakan kwanta a cikin bututun. Sada ya san haka, ya kuma san maganinsa, don ya sha zama yana kallo: a narkar da dalma a ɗaga murfin sama, a bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, a wanke, a mayar a liƙe. Aikin wuni guda ne.

Washegari da hantsi ya kai motar rumfa. Munzali ya kwance tiyo na sama da na ƙasa, ya cire notuna huɗu, su biyu suka ciro lagireton suka jingine shi da kututturen darbejiya. Tagulla ce zalla, nauyinsa ya kai na ɗan akuya. Munzali ya zuba ruwa ta sama, ya tsuguna yana kallon yadda yake fita ta ƙasa. Ya daɗe a tsugune.

"Direba, taba ka ba shi?"

"Cokali biyu."

"Kai da ko sigari ba ka sha, ka koya wa mota."

"To da tura ta zan yi daga Zango? Ka buɗe shi ka tsefe, Injiniya, ka bar surutu."

Munzali ya goge hannu da tsumma, bai dubi Sada ba. "Wannan ya wuce tsifa. Cikin ya ruɓe. In na zura ƙarfe, bututun ne za su biyo shi. Shekara ashirin da huɗu fa, ko mutum ne ai ya isa a sallame shi."

Sada bai yi musu ba. Bai ce a buɗe ya gani da idonsa ba. Da wani bakanike ne da ya ce, to amma Munzali ne.

Bayan kwana uku sabo ya iso daga Kano, na alminiyam mai murfin roba, marar nauyi har Sada ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ramukan notunansa ba su dace da na motar ba, sai da aka huda sababbi, aka ƙara wa tiyon ƙasa tsawo. Da aka gama, Sada ya sunkuya zai ɗauki tsohon. Ƙa'idar gareji ce tun zamanin Turawa: abin da aka cire daga mota na mai mota ne, a bayan motarsa ake sa masa.

"Ina za ka kai gawa?" in ji Munzali. "Barakatu ta kore ku kai da shi? Bar shi nan, maƙera za su zo su narkar."

Sada ya yi dariya ya bar shi.

Sabon lagireton yana aiki a kan kwalta. Amma da motar ta shiga yashi ta fara nishi, sai allurar zafi ta haura. Tafiyar da yake yi a miƙe ta koma sai ya tsaya sau uku, ya ɗaga bonet, fasinjoji su fita su nemi inuwa. Wasu ƙauyukan ya daina zuwa gaba ɗaya, masu babura suka gaje su. Da ya faɗa wa Munzali, sai ya ce ya yi haƙuri, lagireton bai saba da motar ba ne tukuna.

Wata Lahadi, bayan mako shida, Sada ya tsaya a Mai'aduwa kusa da karar shanu. Alhaji Dabo, wani dillalin shanu mai irin motarsa, ya yafito shi.

"Malam Sada, zo ka ga aikin mutuminka. Shekara biyu ina fama da zafi, na ce masa ko nawa ne ya nemo mini na tagulla. Ya ce an daina yin su, amma zai bincika. Ga shi kuwa."

Ya ɗaga bonet. Lagireton ya sha baƙin fenti yana ƙyalli. Sada ya yaba, ya kai hannu yana shafa murfin sama kamar yadda direba kan yi. A gefen hagu yatsansa ya ci karo da wani ɗan tudu mai zagaye. Ya kankare fentin da farce. Tsohon sule ne, na kafin naira, an liƙe shi da dalma.

Ya san sulen. A 1983, shekarar da cutar bushiya ta yi wa shanu ɓarna, wani bijimi ya ƙwace a wurin allura kusa da Mashi ya soki gaban motar, ƙahon ya huda murfin lagireton. Babu guntun tagulla a rumfa ran nan, sai Sada ya ciro sulen daga aljihunsa, Munzali ya liƙe da hannunsa, suna ta dariya.

"Yana zafi?" Sada ya tambaya.

"Ko kaɗan. Jiya na ratsa yashin Kongolam da buhu goma sha biyu, allura ko motsi."

"Allah ya sa alheri, Alhaji." Ya sauke masa bonet a hankali.

Da ya koma gida ya faɗa wa Barakatu, ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Malam, ai yanzu shari'a ake yi. Ka kai shi gaban alƙali. Ga kayanka a motar mutum, kowa zai gani."

"Zai ce na bar masa, kuma na bar masa ɗin. Maganar da ya faɗa mini cewa ya ruɓe, daga ni sai shi. Ba ni da shaida."

"To sai a ba shi Alƙur'ani ya rantse."

"Shi ne abin da nake gudu."

"Kana tausayinsa ke nan?"

"Ba tausayi ba ne. In ya rantse fa?"

Ta koma kan tankaɗenta.

Ran Litinin bayan la'asar ya tafi rumfar da ƙafa. Munzali na zaune yana hura wutar dalma. Suka gaisa, ya matsa masa a benci. Sada bai zo neman lagireto ba. So yake Munzali ya faɗa da bakinsa, ko da a wasa ne, ko ya ce Shaiɗan ne, ko ya ce buƙata ce ta taso masa. Da ya faɗa, da an wuce wurin.

"Jiya na ga motar Alhaji Dabo," in ji Sada.

"Ai ya gode mini ƙwarai."

"Lagireto mai kyau. Ina ka samo shi?"

"Kano. Wata tsohuwar motar asibiti aka farfasa, wani yarona ya yi mini waya."

"Kano."

"Kano. Da na san za a samu, ai da kai zan fara ajiye wa."

Sada ya dubi hannuwan da ke riƙe da ƙarfen dalmar, duk tabon ƙuna, hannuwan da ya sani shekara talatin da wani abu. Ko rawa ba su yi ba.

"Maƙeran sun zo sun ɗauki nawa?"

"Tun a makon. Me ya faru ne, Direba? Yau kamar alƙali."

"Ba komai. Na ga mutanen Kano ma da sule suke liƙi."

Munzali ya ci gaba da hura wuta. Can ya ce, "Ka san aikin zamanin da, duk iri ɗaya ne."

Sada ya jira. Aka kira magariba a masallacin tasha, bai ƙara jin komai ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Bai kai ƙara ba, bai kuma faɗa wa Alhaji Dabo ba. Suna haɗuwa da Munzali a masallaci da wurin jana'iza, su gaisa cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar iyali. Amma in direba ya tambaye shi inda zai kai lagireto, sai ya ce shi ma bai sani ba. Ya ƙara shekara biyar yana tuƙi kafin idonsa ya raunana. A cikin shekarun nan lagireton roba ya tsage sau biyu, kuma sau biyun ya ɗaura jarkokin ruwa a baya ya lallaɓa motar har Katsina, mil hamsin, yana tsayawa yana ƙara ruwa, alhali daga ƙofar gidansa ana jin bugun gudumar Munzali.