Kawu Ummaru da Maigadin Wayarsa

Duk wanda ya san Kawu Ummaru mai yadi na Runjin Sambo ya san ba a taɓa kama shi yana sauri ba. In ya tare ka da gaisuwa sai ya tambayi gidanku kaf, har awaki. Mai keke ya taɓa danna masa hon, ya juyo a hankali ya ce, "Yaro, hanyag ga ta girme ka, kuma ba ta zuwa ko'ina."

To wannan bawan Allah ne ɓarayin intanet suka nemi shige wa imel. A ciki kuwa 'yarsa Asma'u ta adana hotunan matarsa, marigayiya Goggo Hajo, da saƙonnin muryarta. Babu su ko'ina sai nan. Ni ɗan ƙanwarsa aka ɗora wa wahalar saka masa manhajar nan mai ba da lambar shiga, wadda ke canzawa duk rabin minti.

Na ce ya ɗauki hoton zanen baƙi da fari da ya fito a kwamfuta. Ya ja da baya. "Wanga hatimin wane malami na? Ba ni ɗaukar hatimin da ban san mai shi ba." Sai da na rantse masa babu aljani a ciki.

Lamba ta fito. Kawu ya yi bisimilla, ya goge tabarau, ya gyara zama. Kafin ya danna ƙwaya ta biyu a cikinta, lambar ta canza.

"Mi anka yi?"

"Ta mutu, Kawu. Ga wata."

"Lamba sabuwa hul, ko taɓa ta ban yi ba, a yas da ita? Almubazzaranci na."

Ya ɗauki gawayi ya rubuta ta a bango, wai za ta yi amfani gobe. Bangon zauren nan har yau ba a gama wanke shi ba.

Ya raɗa wa manhajar suna Maigadi, ya ce in gaya masa ya ƙara lokaci. Na ce ba a ciniki da shi. Ya ce, "Babu abin da ba a ciniki nai, kai ab ba ka iya ba." Ya kife wayar, ya miƙe ya nufi ƙofa irin na mai saye, yana jira a kira shi. Ba a kira shi ba.

Na ce to ya bar imel ɗin a buɗe. Ya ce yaushe na ga ya bar shago a buɗe? Na ce bari in riƙa danna masa. Ya ce, "Takardun shago na, ba na yara ba." Duk gidan mun san ko waɗanne takardu ne.

Wata Juma'a bayan la'asar na shiga ba zato. Ga Kawu, hula a ƙasa, tabarau a karkace, yatsa na gudu a kan kwamfuta kamar na ɗan jarrabawa. Ya riga Maigadi. Sai muryar Goggo ta cika ɗakin: "Malam, kana ina? Tuwo na hucewa."

Ya ɗago ya gan ni, ya sunkuyar da kai. "Ita dai ba ta son jira," in ji shi.

Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa mala'ikun tambaya su yi masa haƙuri, don yana da amsa, gaggawa ce kawai ba ya so. Allah ya buɗe masa ƙofa ba lamba, ya iske Goggo tuwo bai huce ba.