Rawanin Ɗakin Hauwa'u

Hauwa'u mai gabu ba ta taɓa neman sarauta ba, amma yau a Bodinga "Sarauniya" ake ce mata, kuma wanda ya laƙa mata sunan har yanzu bai ji kunya ba.

Ɗiyar magini ce daga Danchadi. Tun tana ƙarama take miƙa wa babanta tubali, tana jin shi yana cewa ɗaki bai ƙare ba sai an yi masa rawani, wato ginin da ake ɗorawa a saman bango ya danne bakin rufi, don kada iska ta sami wurin sa hannu. Aure ya kawo ta Bodinga. Da mijin ya rasu ta kama dakan ganyen albasa tana shanya gabu, da shi ta aurar da 'ya'ya uku.

Wata guguwa ta zo bayan la'asar, farkon damina. Kafin magariba rabin unguwarsu ba rufi. Kwanon ɗakinta a gonar gero aka tsinto shi, ya nannaɗe kamar tabarma. Sati shida tana raɓe a zauren maƙwabta, kafin kwamitin agaji ya turo wani ɗan kwangila, Alhaji Ɗantani, ya sake gina ɗakunan.

Ranar da aka zo nata, ta ga an buga katako za a ɗora kwano hakanan, bakinsa a waje.

"Alhaji, ina rawani?"

"Rawanin mi, Inna?"

"Rawanin ɗaki. In ba ku danne bakin kwanon ga ba, iska na dawowa ta ɗauke shi awa faifai."

Ɗantani ya juya wajen mutane. "Kun ji, an yi ma tsohuwa ɗaki, yanzu naɗi taka so. Ranki shi daɗe, Sarauniya."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda suka kwana a ruwa tare da ita. Kada wani ya ce wai Ɗantani bai gane ba. Sarai ya san rawanin da take nufi, sauri yake ya gama ya tafi Shagari ya kama wani aikin. Ya ce ko ta karɓa yadda aka yi wa kowa, ko a tsallake ta.

"Ɗauke tsaninka," in ji ta. "Kwanon dai ka aje min, ba daga gidanku anka kawo shi ba."

Ya bar ta da bango tsirara, ga hadari kullum yana haɗowa daga gabas. Ta nufi gidan Sodangi, tsohon maginin da aka daina kira tun da bulo ya shigo.

"Baba Sodangi, kana iya hawa?"

"Hannu na nan, gwiwa ce ta ƙi."

"Sai ka hau sau guda ka zauna. Ni ka miƙo ƙasa."

Sodangi ya hau ya buga kwanon, ya kama ginin rawani. Kwana tara tana kwaɓa ƙasa da ƙafa, ta ɗauko a ka ta miƙa masa, gabunta kuwa ya lalace a turmi. Masu wucewa na ta "Sarauniya, yaushe naɗi?"

Iskar ta dawo ranar wata Laraba, ko rabin ta farko ba ta kai ba. Sababbin ɗakunan nan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Nata ko ƙusa bai saki ba. Mata huɗu da kayansu a ciki suka fake, biyu daga cikinsu sun fi kowa dariya wancan karon. Ta matsa musu wuri.

Sai ga 'yan kwamiti sun zo ɗaukar hoto. Suka zaga unguwa ba su sami sabon ɗaki mai rufi ba sai nata. Nan Ɗantani ya kafa allon aikinsa, ya gyara babbar riga, ya yi murmushi. Ko sannu bai ce mata ba.

Motarsu na tashi Hauwa'u ta tumɓuke allon. Yana nan a tsakar gidanta, sunansa a kife, a kansa take shanya gabu.